Zargin da Rantsuwa Ba Ta Kashewa

Wannan makon filinmu zai leƙa Faransa, saboda wani fim da nake so 'yan kasuwarmu na Nima da Maamobi su san labarinsa, ko da ba sa jin Faransanci. Sunansa L'Enfer, wato Jahannama. Claude Chabrol ne ya ba da umarninsa, ya fito a 1994, inda François Cluzet da Emmanuelle Béart suka fito a matsayin miji da mata.

Mijin, Paul, ya ci bashi ya sayi otal a bakin wani tafki, ya auri Nelly, mace mai fara'a da son mutane, suka haifi ɗa namiji. Ga bashi a wuya, ga aiki ba dare ba rana, har barci ya ƙaurace masa sai ya sha ƙwaya. A cikin wannan hali ya fara zargin matarsa da wani makanike mai suna Martineau. Ya shiga bin ta a ɓoye idan ta tafi cikin gari, yana jin wata murya a kansa tana zuga shi. Nelly ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ta rage fita, duk don hankalinsa ya kwanta. Ina! Zargin ya tashi daga mutum ɗaya ya koma kan baƙin otal da ma'aikata. Ƙarshenta har ɗaure ta ya yi a jikin gado. Fim ɗin ya rufe da rubutu mai nufin cewa abin ba shi da ƙarshe.

Abin lura shi ne, babu hujjar da ta taɓa gamsar da Paul. In ta yi bayani, ya ce ta shirya ƙarya. In ta yi shiru, ya ce ta amsa laifi. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan cuta, suna kiranta ciwon Othello, kuma ta sha bamban da kishin da kowane mai aure ya sani. Kishi na yau da kullum yana sauka idan gaskiya ta bayyana. Wannan kuwa gaskiyar ma itace take ƙara masa.

To, mu dawo gida. Duk abin da ya rura wutar Paul muna da shi a zango. Maigida ya ɗauki kaya bashi, darajar sidi ta faɗi, ya bi ta Aflao zuwa Lome ko Legas, ya yi sati biyu yana kwana a tasha. Uwargida kuma tana bakin titi tana sayar da waakye ko koko, kuma sana'ar abinci ba ta yiwuwa da ɗaure fuska. A gidan haya mai ɗakuna goma ba a rasa wanda zai tare shi da "ai da ba ka nan, mun ga wane ya tsaya ya daɗe". Sai a koma binciken WhatsApp, da tambayar wa ya turo momo, alhali mai ciniki ne ya biya kuɗin abinci.

Addininmu bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana yawan zato da bin diddigin mutane, aya ta 35 a Suratun Nisa'i kuma ta ce a kawo mai sulhu daga dangin miji da dangin mata idan aka ji tsoron ɓaraka. Matsalar ɗan ci-rani ita ce dangin suna Kano ko Maradi. Don haka limamin unguwa da sarkin zango da dattawan kasuwa su ne dangi a nan, kuma bai kamata su sallami mace da "ki yi haƙuri" kawai ba.

Idan miji ya daina barci, yana tsare matarsa da tambayoyi har asuba, ya hana ta sana'a, ko yana ganin kowane namiji abokin hamayya ne, to a haɗa addu'a da likita. Asibitin masu taɓin hankali na Accra da na Pantang suna karɓar irin wannan, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Idan kuwa an kai ga duka ko kulle ƙofa, 'yar'uwa, ki fara tsira da ranki da 'ya'yanki. Dokar Ghana ta 2007 kan cin zarafi a cikin gida ta ba ki kariya, kuma sashen 'yan sanda na DOVVSU don haka aka kafa shi.

Kai kuma Alhaji, in ka ji zuciyarka ta fara wannan saƙe-saƙe, faɗa wa amininka ko malaminka tun kafin ka ɗauki wayarta. Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya. Sai mako mai zuwa.