Kubanni Ma Ya Cancanci Shiga Littafi



Yawancin labaran da ake turowa zauren nan a Abuja ko Dubai suke faruwa. Jarumi na da jirgi, jaruma na da 'yan aiki goma, amma ba wanda ya san unguwarsu. A ganinmu wannan asara ce.

Mu da muka tashi a Tudun Wadan Zariya, da ƙafa muka san garinmu. Mun bi rafin Kubanni, wanda ya gangaro ta Samaru, ya raba mu da Sabon Gari, ya faɗa kogin Galma. Mun san launinsa idan ya kawo ruwa a watan Agusta, mun san masu lambu a bakinsa, da faɗan da ake sha a gida in an dawo da jiƙaƙƙen wando. Mun shiga birni ta Ƙofar Doka, mun hau dutsen Kufena. Wannan sanin ba a samunsa a intanet.

Yau leda da shara sun shaƙe rafin, ƙannenmu kuma a kan waya suke girma. Idan ba mu rubuta shi ba, wa zai gaya musu yadda yake a da?

A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, inda Abubakar Imam ya yi aikin edita. Garin da ya reni rubutun Hausa bai kamata ya ɓace a cikinsa ba.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuto shafi ɗaya kan rafi, kududdufi ko lungun garinsu, da sunansa na gaskiya. Muna jira.