Komawa Bayan Gari Saboda Tsadar Haya: A Saka Lafiya Cikin Lissafi

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsada, kuɗin haya a cikin birnin Kano ya gagari magidanta da dama. Shi ya sa ake ta komawa bayan gari: Ɗanbare da Janguza a hanyar Gwarzo, Dawanau a hanyar Katsina, Gunduwawa a hanyar Haɗeja, Tamburawa a hanyar Zariya. A can haya ta fi sauƙi, ga iska ga sarari. Wannan riba ce ga lafiya, domin cunkoson mutane a ɗaki ɗaya yana taimaka wa yaɗuwar tarin fuka, ƙyanda da sanƙarau.

Sai dai manyan asibitoci ba su bi mutane zuwa can ba. Asibitin Murtala, na Malam Aminu Kano, na Nasarawa da asibitin yara na Hasiya Bayero duk suna cikin gari. Don haka wanda zai tashi ya auna nisan da mintuna, kuma da tsakar dare, lokacin da abin hawa ke wuyar samu.

Su wa nisan ya fi shafa?

Na farko mai juna biyu. Zubar jini bayan haihuwa na iya hallaka mace cikin awa 2 idan ba ta samu taimako ba. Matar da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, ko mai hawan jini, ko wadda ta taɓa jijjiga, ta tsara inda za ta haihu tun kafin watanta ya kama. Idan da hali, ta koma wajen 'yan uwa kusa da asibiti a makonnin ƙarshe.

Na biyu masu cutar da ke buƙatar zuwa asibiti a kai a kai. Mai wankin ƙoda yana zuwa sau 2 ko 3 a mako. A ninka kuɗin motar zuwa shekara, a gani ko rarar hayar ta rage. Mai sikila ciwonsa ba ya sallama. Mai hawan jini ko ciwon suga kuwa, idan kuɗin mota ya yi nauyi, ganin likita ne abu na farko da yake jingine wa, sai a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki.

Ruwa da wuta

Yawancin sababbin unguwanni ba su da ruwan famfo, sai rijiya, burtsatse ko 'yan ga-ruwa. Rijiya ta kasance aƙalla mita 30 daga masai, naku da na maƙwabta. A shekarar 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. A tafasa ruwan sha ko a saka masa sinadarin kulorin. A kuma lura da kududdufai da ramukan da aka haƙa ƙasar gini, domin nan sauro ke hayayyafa da damina.

Mai allurar insulin ya binciki halin wutar unguwa, domin zafi na rage ƙarfin maganin. Idan babu firji, a saka shi a mazubi mai murfi, a ajiye cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa.

Kafin a biya kuɗin haya

A ziyarci asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a tambaya ko yana aiki da dare, ko akwai ungozoma, da ranar rigakafin yara. A karɓi taƙaitaccen bayanin jinya daga likita, tare da maganin wata guda. Mai inshorar lafiya ya nemi a sauya masa asibiti zuwa na kusa. A kuma riƙe lambar maƙwabci mai mota wanda za a iya tasa cikin dare.

Haƙƙin hukuma ne ta kai asibiti da ruwa inda jama'a suka koma. Kafin hakan ta samu, magidanci ya haɗa haya, kuɗin mota da nisan asibiti a lissafi ɗaya, sannan ya yanke shawara.