Ganye Ya Nannaɗe? Duba Kafin Ka Sayi Magani

Ɗan'uwa manomi, ka yi yaƙi da jahilci, ga shi kana karanta wannan takarda da kanka. To, akwai sauran karatu ɗaya da ya kamata ka iya, shi ne karatun ganye.

A garaken Ɗan Barto, da na sauran fadamun Matamaye da Kance, ana noman rani sosai: tumatir, tattasai, kuɓewa. Amma wata ɗabi'a ta shigo mana. Da zarar ganye ya nannaɗe, sai mai garka ya garzaya kasuwa, ko ya tsallaka Kwangwalam, ya sayo kwalbar magani ya fesa. In bai ga sauƙi ba ya ƙara wata. Ra'ayinmu a nan, wannan asara ce. Nannaɗewar ganye alama ce kawai, kamar zazzaɓi a jikin mutum. Abubuwa da yawa suna kawo ta, kuma galibinsu feshi ba ya yi musu kome. Sai ka san ciwo za ka nemi magani.

Ka shiga garka da sassafe, ka tsuguna, ka juya ganye ka dubi bayansa. Ga abin da za ka lura da shi.

Na ɗaya, ƙishirwa. In ganye ya naɗe da tsakar rana, ya buɗe da yamma ko da safe, kuma yana nan kore shar, to zafi ne ko busasshiyar iskar hunturu. Ka gyara ban ruwa, ka rufe gindin shuka da ciyawa, ka ja darni ta wajen da iska ke bugowa.

Na biyu, yawan takin zamani. Ganye ya yi kore har ya yi duhu, ya lanƙwashe ƙasa, bakinsa ya ƙone. Gishirin turawa ne ya yi yawa. Ka dakata da shi, ka ba da ruwa isasshe.

Na uku, darɓa. Za ka ga ƙananan ƙwari cunkushe a bayan ganye, ganyen yana danƙo kamar an shafa zuma, tururuwa na hawa da sauka. Wannan tana da magani, kuma yana ƙofar gidanka. Ka daka rabin kilo na ƴaƴan dogon yaro, ka jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka fesa da maraice a bayan ganye. Ka maimaita bayan mako ɗaya.

Na huɗu, jan gizo. Ɗan mitsitsi ne, da ƙyar ido ke ganinsa. Yana yawaita da bazara. Ganye ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, ga siririyar yana a bayansa. Yawancin maganin ƙwarin da ake sayarwa a tebur ba ya kashe shi, sai dai ya kashe ƙwarin da ke cinye shi, gizon ya ƙara yaɗuwa. Nemi malamin gona ya faɗa maka wanda ya dace.

Na biyar, guntun maganin ciyawa. Wanda ya fesa maganin ciyawa da famfo, ya koma ya fesa wa tumatir da shi ba tare da wankewa sosai ba, zai ga sabon toho ya murɗe, ganye ya sirance. Famfon maganin ciyawa a ware shi daban.

Na shida shi ne babba. In ganyen sama ne ya ƙanƙance, ya kife sama kamar cokali, gefensa ya yi rawaya, shuka ta tsugune, fure yana zuba, to cuta ce ta shiga jikin shukar. Girgiza ta, za ka ga farin ƙuda ya tashi kamar toka. Shi ke ɗaukar cutar daga marar lafiya ya kai wa mai lafiya. Ka ji da kyau: shukar da ta kamu ba ta warkewa. Babu kwalbar da ke warkar da ita, ko a Yamai ko a Kano. Tuge ta, ka fitar da ita daga garka, ka binne ko ka ƙone.

Mun sani za ka ce: "Ni da na sayi iri, na ja ruwa da guga wata biyu, a ce in tuge da hannuna?" Gaskiya akwai ciwo. Amma lissafa. Shukar da ta kamu tun tana ƙarama ba za ta ba ka abin kirki ba. In ka bar ta, ta zama rumbun cuta, ga naka ga na maƙwabcinka. Gara ka rasa gindi goma da ka rasa fage ashirin.

Tambayi dattawan garinku labarin 1975. Jama'a ba su gama farfaɗowa daga farin 1973 ba, sai kuturtar gyaɗa ta faɗa wa gonakin Damagaram da Maraɗi da arewacin Nijeriya. Ganye ya dunƙule, gyaɗa ta tsugune, ba ƴaƴa. A arewacin Nijeriya kaɗai ta lalata kimanin hekta 700,000. Darɓa ce ta yaɗa ta. Cinikin gyaɗa da kamfanin SONARA ke yi bai sake komawa yadda yake a da ba. Cutar tumatir daban take da ta gyaɗa, amma hanyarsu ɗaya: ƙwaro ke kawo su, kuma rigakafi kaɗai ke tsare su.

Saboda haka ka fara tsaro tun daga wurin renon iri. Rufe shi da yadi mai ƙananan ƙofofi, wanda iska da haske ke ratsawa, har ranar dashe. Kada ka sayi dashen da ganyensa ya riga ya murɗe, kome arharsa. In ka gama tsinka, tuge tsohuwar shuka, kada farin ƙuda ya samu wurin jiran sabuwa. Kuma ku yi shawara a ƙungiyarku ku yi aikin tare, don ƙuda bai san iyakar garka ba.

In ta kama lalle sai an sayi magani, sayi wanda ke cikin kwalbarsa ta asali, mai takarda a jiki, mai lambar izinin kwamitin ƙasashen Sahel da ke tantance magungunan ƙwari. Wanda aka ɗura a leda ko a kwalbar lemo, bar shi. Kai wa malamin gona ya karanta maka awo, da kwanakin da za ka jira kafin ka tsinka, don abin da ka fesa iyalinka ne za su fara ci. Tafi masa da ganyen a hannu, gani ya kori ji.

Allah ya ba mu amfani mai albarka, ya tsare mana garakenmu. Amin.