Rashin aiki a Tasawa da Mayahi: a tambayi tashar mota

Mai son sanin yawan marasa aiki a Tasawa da Mayahi ya tafi tashar mota bayan an kai gero rumbu. Samari ne cike da motoci, sun nufi Maraɗi da Kano, wasu har Libiya. Tun da noman gyaɗa ya durƙushe a shekarun 1970, kamfanin SONARA ya bi bayansa, ba a kafa abin da ya maye gurbinsu ba. Cin rani ne ke rufa wa mahukunta asiri. Da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, asirin ya tonu: dako ya tsaya, dillalai suka zauna. Har yanzu kuwa wakenmu ɗanye yake ƙetarawa, aikin sarrafa shi na wasu ne.