An Kira Ɗanka Intabiyu a Birni: Ya Tafi Ko Ya Zauna?

 

Akwai wata magana da takan hana gidaje da yawa barci, amma ba safai ake kawo ta gaban taron ƙungiya ba. Yaro ya gama makaranta, ya shekara biyu ko uku yana taimakon ubansa a gona. Ran nan sai ga saƙo a wayarsa, wai ya zo Abuja ko Legas ranar kaza domin intabiyu, watau ganawar da ake yi da mai neman aiki kafin a ɗauke shi. Saura kwana huɗu. Masara kuwa ta isa noman firi, taki yana ɗaki ba a zuba ba. Uwa ta ce a sayar da akuya ya tafi. Uba ya yi shiru yana duban rumbu. To, ina gaskiya take?

Ni dai ga ra'ayina. Tafiyar da ta cancanta ita ce wadda gida zai iya ɗaukar asararta idan ba a dace ba. Gama kira zuwa intabiyu ba aiki ba ne, dama ce kawai ta a gan ka. Saboda haka kada a tambaya, "Me zai samu in an ɗauke shi?" kaɗai. A tambaya kuma, "Me zai rage mana in ya dawo hannu wofi?"

A fara da lissafi

Daga Jos zuwa Abuja kusan kilomita 300 ne, zuwa Legas kuwa wajen kilomita 1,000. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya haura ƙwarai. Litar da ba ta kai N200 ba ta wuce N500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 har ta wuce N1,000 a wurare da yawa. Kada ku yi lissafi da kuɗin motar da kuka sani dā. A aika yaro tasha ya tambayo na yau.

A rubuta kuɗin zuwa da na dawowa, da na abinci, da na masauki, da na motar cikin gari, da na hoto da kwafin takardu. A ƙara kuɗin kwana ɗaya bisa, gama sau da yawa akan ce a dawo gobe. Sa'an nan a mai da jimlar nan buhunan masara bisa ga farashin kasuwarku. Manomi ya fi gane nauyin abu idan an auna masa da buhu.

Akwai kuma asarar da ba ta fita daga aljihu. Malaman gona sun sha gaya mana cewa makonni shida na farko bayan shuka su ne ran masara. A cikinsu ake noman firi, a zuba kamfa, daga baya a bi da yuriya. Idan ciyawa ta rufe gona a lokacin nan, maimai ba zai mayar da abin da aka rasa ba. Tafiyar kwana biyar a watan Janairu dabam take da tafiyar kwana biyar a watan Yuni.

A duba albashin kuma. A shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta sa albashi mafi ƙanƙanta N70,000 a wata. A ƙauye kuɗin nan yana da daɗin ji. Amma ma'aikatan Abuja da yawa a Nyanya, Mararaba ko Suleja suke kwana saboda tsadar haya, kullum kuma sai sun biya mota safe da yamma. A cire haya, da mota, da abincin da a gida rumbu ke bayarwa, sa'an nan a ga abin da ya saura.

Matambayi ba ya ɓata

Kafin a taɓa ko sisi, yaron ya buga waya ya yi tambaya cikin ladabi. Mutum nawa aka kira, gurbi nawa ne? Wane irin aiki ne, a wane gari, nawa ne albashi? Za a mayar da kuɗin mota? Ko za a iya yin ganawar farko ta waya? Tun zamanin cutar korona a 2020 ma'aikatu da yawa sun saba da ganawa ta bidiyo a waya. Ma'aikatar kirki ba za ta ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Wadda ta ƙi amsawa kuwa, ai ta riga ta ba ka amsa.

Tambayar farkon nan ita ce babba. Idan mutum biyar aka zaɓa domin gurbi ɗaya, tafiya tana da ma'ana. Idan kuwa an ce kowa da kowa ya hallara, ku tuna da ranar 15 ga Maris, 2014. A ranar ce aka tara masu neman aiki a Hukumar Shige da Fice a filayen wasa na manyan garuruwa. Mutum fiye da 500,000 suka nema, kowa ya biya N1,000, gurbin kuwa bai kai 5,000 ba. Watau cikin kowane mutum ɗari, ɗaya ma da ƙyar. Turmutsutsu ya kashe mutane fiye da 15 a Abuja, Fatakwal, Minna da Benin. 'Ya'yan talakawa ne irin namu, waɗansu sun kwana a hanya kafin su isa.

Ku yi hankali da 'yan damfara kuma. Duk wanda ya ce a turo kuɗi kafin a ba da ranar intabiyu, ko a saya takardar kama aiki, a rabu da shi. Idan yaron bai taɓa neman aiki a wurin ba, yaya aka yi suka san shi? A sa wani ɗan gari da ke zaune a birnin ya je ya ga ofishin da idonsa. Gani ya kori ji. Idan 'ya mace ce aka kira, a ninka binciken, a san gidan da za ta sauka. Ba a banza gwamnati ta kafa hukumar NAPTIP a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane ba, gama da alkawarin aiki ake ruɗin yawancinsu.

Kada tsoro ya ɗaure mu

Wani zai ce, "Ashe gara ya zauna." A'a, ban faɗi haka ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke dubanta. Ba dukansu za ta riƙe ba. Ɗan da ya sami aikin kirki shi ne zai aiko da kuɗin taki, ya biya wa ƙannensa makaranta. Wanda bai dace ba ma ya koyi yadda ake tsayawa gaban manya a amsa tambaya, karo na biyu ba zai yi rawar jiki ba. Uban da ya hana ɗansa tafiyar gaskiya don kawai ya rasa mai riƙe masa garma, ya cuce shi.

Idan an bincika an ga wurin na gaske ne, waɗanda aka kira kaɗan ne, albashin kuma zai riƙe mutum, to, ya tafi. A sayar da kaji, ko akuya, ko buhu ɗaya. Amma kada a sayar da san noma, kada a taɓa iri, kada a jinginar da gona, kada a karɓi bashin da za a biya da amfanin gona tun yana tsaye. Wannan sakin reshe ne a kama ganye.

Aikin ƙungiya

Nan ne ƙungiyarmu take da abin yi. Na ɗaya, a keɓe ɗan kuɗi a asusu domin rancen tafiya irin wannan, marar ruwa, a biya da kaka ko da albashin fari. Na biyu, a zaɓi mutum biyu ko uku masu sanin takarda, su duba saƙon su yi bincike kafin ma'aji ya ba da kuɗi. Na uku, magatakarda ya riƙe sunayen 'yan garinmu da ke birane, domin masauki da jagora. Na huɗu, idan tafiya ta faɗo tsakiyar damina, a yi wa gidan gayya rana ɗaya. Noman da zai ci yaro kwana biyar, mutum goma sun gama shi kafin rana ta yi tsaka.

Kai kuma saurayi, ka tashi da sassafe, ka guji tafiyar dare. Ka riƙe takardunka na asali a jikinka, ka nuna su, amma kwafi za ka bari. Kuɗin dawowa kuwa ka ɗaure shi dabam, kada ka taɓa.

'Yan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kawo maganar nan a taronku na wata mai zuwa, tun saƙo bai shigo wayar ɗan wani ba. A huta gajiya.