Wa ya ƙwace linzamin kallo daga hannunmu?

Duk wanda ya taɓa zama gaban akwatin bidiyo na kaset mai tsada, irin wanda ƴan cin-rani na Adar suke dawowa da shi daga Abijan ko Libiya, zai tuna wani abin murzawa da ke gabansa ko a jikin rimot. Kashi biyu ne. Na ciki kamar ƙaramin faifai yake, kana murza shi da ɗan yatsa hoton yana tafiya ɗaya bayan ɗaya, gaba ko baya. Na waje zobe ne, iya yadda ka karkata shi iya saurin da fim zai yi, in ka saki ya koma tsakiya da kansa. A telebijin irin tamu hoto 25 ne ke wucewa a daƙiƙa guda, kuma da wannan abin mutum zai iya tsayawa a kan kowane ɗaya daga cikinsu. Yau babu shi a kan DVD na kasuwar Tawa, babu shi a dikoda, balle a salula. Ni ina ganin wannan asara ce ga tarbiyya da karatu, kuma mu malamai da iyaye mun bari an yi mana ita ba mu ce uffan ba.

Na san abin da za a ce mini: malam ya tsufa, yana kukan zamanin da ya wuce. To a tsaya. Ban yi kewar kaset ba. Ƙurar hunturu tana toshe kan inji, zafin bazara yana lanƙwasa zare, akwatin yakan tauna kaset ɗin da aka yi haya, a yi ta rigima da mai shago. Kamfanin JVC ya fito da VHS a 1976, kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera injin, ya daina a 2016. Shekara 40 ya yi, ya gama aikinsa, Allah ya raka taki gona. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne ikon da ke hannun mai kallo, wanda aka binne tare da kaset alhali babu abin da ya haɗa mutuwarsu.

Hujjata ta farko ita ce abin bai mutu ba, wurin zama ya sake. Je ka ɗakin da ake tace fim, ko a Kano ko a Yamai, ko ka dubi kayan masu haɗa kiɗa a wajen biki, za ka tarar da wannan faifan murzawa yana nan daram. Masu ƙera kaya sun san amfaninsa sarai. Sun bar wa mai shirya fim, sun cire wa mai kallo. Ma'anar haka a fili take: wanda ke shiryawa shi ya cancanci ya duba da kyau, kai kuwa naka haɗiya.

Ruwa ba ya tsami banza. Da can mai sayar da akwati yana cin ribarsa ranar da ka saya, ba ruwansa da ko awa nawa za ka kalla. Yanzu kuɗin yana cikin lokacinka ne da tallan da za a nuna maka. Shi ya sa a YouTube fim na ƙarewa wani ke hawa da kansa, a TikTok kuwa ɗan yatsa sama kawai yake turawa. A 2017 shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya faɗi a bainar jama'a cewa barci na cikin abokan gasar kamfaninsa. Aza Raskin, wanda ake danganta wa ƙirƙirar shafin da ba ya ƙarewa a 2006, shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Mutumin da ya tsaya yana nazarin hoto ɗaya ba ya kawo musu ko dala. Wanda ya haɗiye bidiyo 50 kafin ya kwanta shi ne kasuwa.

Mu a Adar mun san yadda ake koyon abu. A makarantar allo malam yana tsayar da almajiri a kan harafi guda, ya maida shi baya, ya sa ya maimaita, ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Maƙeri ba ya nuna wa yaronsa bugun ƙarfe sau ɗaya ya wuce. Ko kokowa, wadda aka fara gasar ƙasa tata a nan Tawa a 1975, wa bai taɓa jin gardama a kan wanda ya riga taɓa ƙasa ba? Abin da ido ya kasa kamawa a fili, komawa baya a hankali ne ke raba shi. Duk ilimin da ke shiga ta ido yana buƙatar tsayawa da komowa.

Nijar ma ta taɓa gwada koyarwa ta akwati. Tun 1964 aka fara telebijin na lakwal, aka sa yara gaban allon gilashi suna bin darasin da ake watsowa daga Yamai, kafin daga baya Télé Sahel ta gaji kayan aikin. Shirin da ake watsawa ta iska ba ya jiran kowa. In yaro bai gane ba, darasi ya wuce, mai kula da aji ba shi da yadda zai dawo da shi. Kaset ne ya zo ya ba malami damar cewa "ku dakata, mu sake gani". Yanzu, bayan shekara 60, mun koma gidan jiya da ƙafafunmu, sai dai wannan karon akwatin yana cikin aljihun kowane yaro, kuma ba ma'aikatar ilimi ke zaɓen abin da ke ciki ba.

Wani zai ce ai salula ma tana da layin da ake ja. Gaskiya ne, amma a gwada a gani. Fim na awa biyu an matse shi a layin da bai kai tsawon yatsa ba, ka taɓa kaɗan ya yi tsalle na minti ɗaya ko fiye. Ka danna sau biyu a YouTube ya tsallake daƙiƙa 10, wato hoto wajen 250 a lokaci guda. Malamin kimiyya da ke son nuna wa ɗalibai lokacin da iri ke fasa ƙasa, ko malamin gona a Keita da ke son nuna yadda ake jera duwatsun tare ruwa da haƙa tassa, ba tsalle yake buƙata ba. Uwar da aka turo mata bidiyo ta WhatsApp ana cewa ga abin da ya faru a gari kaza, tana buƙatar ta tsayar, ta dubi lambar mota, ta dubi rubutun shago, ta gane ko a ƙasarmu ne ma aka ɗauka. A wannan zamani na hotunan ƙarya, gani ba ya korar ji sai an duba da kyau.

Laifin ba na kamfanoni kaɗai ba ne. Mu ma mun miƙa wuya. Ikon yana nan, an dai ɓoye shi, mu kuma ba mu nema ba. A kwamfuta, in ka tsayar da bidiyon YouTube, maɓallin waƙafi da na aya suna tafiyar da shi hoto ɗaya-ɗaya, baya da gaba. A cikin saitinsa ana rage gudu har zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ana kuma kashe hawan bidiyo na gaba. Manhajar VLC kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, tana rage gudu, tana maimaita yanki ɗaya daga nan zuwa can, a kwamfuta kuma harafin E yana matsar da hoto guda. Malamai nawa ne a makarantunmu na Tawa, Tamaske, Barmu da Kalfu aka taɓa nuna wa wannan? Ana kawo wa makarantu kwamfuta da majigi a yi biki a ɗauki hoto, ba a ware ko awa ɗaya a koya wa malami yadda zai tsayar da fim ya yi tambaya.

Don haka kirana ga ƴan'uwana malamai: kada a sake nuna wa aji bidiyo daga farko har ƙarshe a zauna shiru. A sauke shi tun a gida, a zaɓi wuri uku ko huɗu da za a tsaya, a tambayi yara me suka gani kafin a gaya musu. Masu horar da malamai su sa wannan cikin darasi kamar yadda ake koyar da riƙon alli. Iyaye kuwa, ku karɓi salular yaro ku kashe hawan bidiyo da kansa, ku zauna ku kalli abu ɗaya tare, ku sa shi ya maida baya ya bayyana muku abin da ya faru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba cewa "tsaya, ban gane ba, a koma" gaban allon salula, shi ne zai iya faɗin haka gobe gaban ɗan siyasa, gaban ɗan kasuwa, da gaban duk mai son ya yi masa wayo.