Wanda Aka Ɓata Wa Suna, A Biya Shi Diyya

Ina so in ja hankalinku a kan wani al'amari da ya shafi matasa masu yi wa makarantunsu wasanni. Tambayar ita ce: idan aka ɗora wa ɗan wasa laifin da bai aikata ba, daga baya gaskiya ta fito, shin "yi haƙuri" kaɗai ya wadatar? Ni a ganina bai wadatar ba. Wajibi ne a biya shi diyya.

Bari in kawo misali daga ƙasar Amurka. A watan Maris na 2006 wata mata ta ce 'yan wasan lakuros na Jami'ar Duke, a jihar Karolina ta Arewa, sun yi mata fyaɗe. Lakuros wasa ne da ake yi da sanda mai raga a baki. Nan da nan jami'ar ta soke sauran wasannin kakar, mai horar da su ya bar aiki, aka gurfanar da samari uku: David Evans da Collin Finnerty da Reade Seligmann. An gwada jinin halittar 'yan wasa 46, watau DNA, ba a sami na ko ɗaya a jikin matar ba. Duk da haka lauyan gwamnati Mike Nifong, wanda yake neman a zaɓe shi a lokacin, ya ci gaba da ƙarar, har ya ɓoye wani sakamakon gwajin da zai taimaki samarin. Sai a ranar 11 ga Afrilu 2007 babban lauyan jihar, Roy Cooper, ya sanar cewa ba su da laifi. Lalle ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

To, me suka samu? An kori Nifong daga aikin lauya, ya yi kwana 1 a kurkuku. Jami'ar ta sasanta da samarin a 2007 a kan kuɗin da ba a bayyana ba. Amma hukumar birnin Durham, wadda 'yan sandanta suka yi binciken, ba ta ba su ko kwabo ba. A 2014 ta ba wata hukumar wanke marasa laifi dala 50,000 ne kurum. Matar kuwa sai a Disamba 2024 ta fito fili ta ce ƙarya ta yi.

Waɗannan iyayensu suna da halin ɗaukar manyan lauyoyi. Ina ga ɗan talaka? Brian Banks ɗan sakandare ne a Kalifoniya, gwani a ƙwallon Amurka, har wata babbar jami'a ta yi masa alkawarin gurbi. A 2002, yana da shekara 16, aka yi masa irin wannan ƙazafi. Ya yi fiye da shekara 5 a kurkuku, ba a wanke shi ba sai 2012. Jihar ta biya shi dala 142,200 a 2015, alhali kuwa iyalin mai ƙarar sun riga sun karɓi dala miliyan 1 da rabi daga hukumar makarantu. Da ya gwada shiga ƙungiyar Atlanta Falcons a 2013, yana da shekara 28, lokaci ya riga ya wuce masa.

Dalilina na farko ke nan. Akawu ko malami yana iya komawa aikinsa bayan shekara 10, amma ƙarfin ɗan wasa na ƙuruciya ne, in ya tafi ba ya dawowa. Na biyu, magana zarar bunu ce. Labarin zargi yana fitowa a shafin farko, na wankewa kuwa sai an lalube shi. Na uku, hukumar da ta san za ta biya kuɗi in ta yi gaggawar hukunta ɗalibi, za ta tsaya ta yi bincike tukuna.

Wasu za su ce biyan diyya zai tsorata matan da aka zalunta da gaske, su ƙi kai ƙara. Wannan magana ce mai nauyi, domin fyaɗe mugun laifi ne, kuma mata da yawa suna haɗiye baƙin cikinsu saboda kunya. Shi ya sa nake ganin diyyar ta fito daga aljihun gwamnati da makaranta, tun da su ne masu ikon kamu da kora. Mai ƙara kada a taɓa ta don kawai ta kasa kawo shaida, sai in kotu ta tabbatar ta shirya ƙarya da gangan.

A ƙarshe, 'yan'uwa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da 'yan wasa, muna kuma da saurin yaɗa ji-ta-ji-ta a ɗakin kwana. Mu saurari mai kuka, mu kuma saurari wanda ake zargi, kafin mu yanke wa kowa hukunci.